Allon Teku

"Ba ni bari, ranka shi daɗe."

Maigari Na'Allah ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Muna tsaye a filin makarantar Tungar Maliki da hantsin Asabar. Na riga na ja layi a ƙasa da kara, na hana kowa isa ƙofar ajina. Rabin gari na bayan layin.

"Malama Saude, katako na hwa. Katako da shuni. Ki ce ya ɓace, mu koma ga abin da ad damunmu."

"Bai ɓace ba, sace shi anka yi. A kira mai bin sawu."

"Umurni nika ba ki."

"Na ji. Ba ni bari."

Shekarar 1984 ce. An yi shuka sau uku, sau uku rana ta ƙone ta. Gulbin Rima ya zama hanyar jakuna. A irin wannan shekara mace ta tsaya tana ta da jijiyar wuya a kan hoto, na san yadda abin yake a idon mutane. Shekarata ashirin da uku, ni kaɗai ce mace mai takardar malanta daga nan har Tsamaye, kuma ban saba a ce in yi shiru in yi ba.

Abin da aka sace allo ne na katako, girman allon mai shirin sauka. Madam Odil, Bafaranshiyar da ta koya mana Faransanci a kwaleji, ita ta ba ni ranar da za ta koma gida. Kakanta ya zana shi. Ta ce shi ba wani shahararre ba ne, ya dai bi hanyar wasu masu zane na ƙasarsu da suka gaji da zaman ɗaki, suka kwashi alluna suka tafi bakin teku suna rige-rige da rana, su kama haske a kan ruwa kafin ya sauya. Shi ya sa ba su tsayawa gyara. In ka matsa kusa ba ka ganin komai sai dangwale-dangwalen fenti, shuɗi da fari da ruwan toka, kamar kaza ta taka baba ta bi ta kan allo. Ka ja baya taku biyar, sai teku ya tashi a gabanka. Ga jiragen masunta uku da iska ke turawa, ga matansu da kwanduna a ka, ga wata mace zaune a kan rairayi da laima, ba ta aikin komai sai kallon ruwa. Wannan matar ta fi ba mutanenmu haushi.

Na rataye shi a aji don yara su san duniya ba ta ƙare a Sabon Birni ba. Da ruwa ya ƙi zuwa, sai magana ta fara yawo: Malama ta kulle ruwan gari a cikin allon Nasara.

Ranar Juma'a na tafi Isa taron malamai, na kwana can. A ranar ce maza suka fita bayan gari sallar roƙon ruwa. Da na dawo da safe na leƙa ta taga, ƙusa kaɗai na gani a bango.

* * *

Baba Jibrilla ya iso daga Alkalawa bayan azahar, a kan jakin da ake iya lissafa haƙarƙarinsa daga nesa. Tsoho ne siriri, ido ɗaya ya fara fari. Ya yi suna wajen bin sawun ɓarayin shanu, sai dai a shekarar babu shanun da za a sata.

"Shekara arba'in ina bin sawun shanu," in ji shi, yana kwance igiya. "Yau an kira ni bin sawun teku. Wac ce taj ja layinga?"

"Ni ce, Baba."

"Kin hi mazan garinga hankali. Ko da yake ba wani abin yabo ba na."

Ya zagaya ajin a tsugune, yana gwada sawu da guntun kara. A gindin taga ya nuna sawun takalmin taya mai faci a dunduniyar hagu. Ya ce mai shi ya tsaya nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Gefe kuma ga sawun takalmin fade da ramin sanda. Da ya zo ƙofar ajin sai ya tsaya. Ƙasa lumus, babu sawun kowa.

"Iska ta shahe shi," in ji Maigari da sauri.

Baba Jibrilla ya sake duban ƙasar. Ya sa aka kawo tabarma, ya shimfiɗa a bakin ƙofar da hannunsa, ya danne gefunanta da duwatsu.

* * *

Mai fade da sanda kowa ya san shi. Liman Kalilu ne, wanda ya yi huɗuba biyu a kan allona. Muka same shi a zaurensa.

"Allah shi gahwarta Malam, mi yak kai ka makaranta?"

"Na je in ga abin da nika wa'azi kanai. Ban son in hwaɗi abin da ban gani ba."

"To mi kag gani?"

"Da hwarko ban ga komi ba sai ƙazanta. Da niz zo tahiya niw waiga, sai nig ga mace zaune ba lulluɓi." Ya juyo gare ni. "Malama, na ce hoton mai rai ba shi da kyau ga ɗakin karatu, kuma har gobe haka nika cewa. Amma zancen kulle ruwa ba daga bakina yah hito ba, wannan shirme na. Ruwa na hannun Allah. Kuma da ni nika son allonki, ƙohwar masallaci za ni ƙona shi bayan Juma'a, kina kallo. Ni nij ja sallar roƙon ruwa, mutum ɗari biyu na bayana."

Da muka fito Baba Jibrilla ya ce, "Wanga ba shi iya sata. Bakinai ba shi barin shi."

* * *

Mai takalmin taya Usmanu ne, Bafillacen da ya sauka bayan gari wata biyar da suka wuce, shi da matarsa Fadima da 'ya'ya uku. Ya baro arewa da shanu arba'in da biyu. Da muka isa bukkarsa, fatar ta ƙarshe ce a shanye a ƙasa, ƙuda na binta.

"Ba ka je sallar roƙon ruwa ba," in ji Baba Jibrilla.

"Ina hiɗar wagga. Ta hwaɗi da sahe, na yanka kamin ta cika."

"Wa yag gane ka?"

"Ungulu."

"Mi ka kai ka tagar makaranta kullum?"

Usmanu ya kori ƙudan da ke kan fatar. Sannan ya dube ni, ba tsohon ba.

"Kallo nika yi, Malama. Na tsaya nesa kaɗan, inda abin ka hitowa. Sai in riƙa kora su cikin raina, in kai su bakin ruwan, in bar su su sha. Ina kiran sunansu ɗaya ɗaya."

"Ruwan gishiri ne, Usmanu. Ko mutum ko dabba ba mai iya sha."

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Halin malanta ne, in ga kuskure in gyara. Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Duk yawan nan? To ashe su ma Allah bai bar su haka nan ba."

Mutanen da suka biyo mu ba su ji wannan ba. Abu biyu suka ji: sawunsa na gindin taga, kuma shi kaɗai ne namijin da bai je salla ba. Kafin la'asar labari ya cika gari, an ƙara masa gishiri. Wai Bafillace ya sayar da allon a Maraɗi, ruwan gari ya tafi Nijar ke nan har abada. Waɗanda jiya suke so a ƙona allon, yau su ne masu kukan rabuwa da shi.

Aka ɗaure Usmanu a turken dokin Maigari, wanda dokinsa ya mutu tun bara. Maigari ya ce ranar Litinin motar hatsin agaji za ta zo daga Isa da 'yan sanda. Za a ba su shi a matsayin ɓarawo kuma baƙon da ba shi da takarda. A lokacin an rufe iyaka, ana kwashe irinsa a zubar da su can ƙetare. Za a kuma cire iyalinsa daga rabon hatsi.

Na je na durƙusa. "Ranka shi daɗe, na yahe. Allona na, na bar shi."

"Da sahe nic ce ki bari, kinka ƙi gaban jama'a. Yanzu ba naki ba na. Na gari na."

* * *

Da hantsin Lahadi Baba Jibrilla ya aiko in same shi a makaranta. Shi kaɗai ne. Ya ɗage tabarmar a hankali.

"Matso, ɗiyata. Mi kig gani?"

"Zane-zanen tsintsiya."

"Ja baya. Ƙara."

Na ja baya har rana ta bugi ƙasar ta gefe. Sai sharar ta fito gaba ɗaya, baka-baka a jere kamar ɓawon kifi, tun daga kusurwa har kusurwa. A jikin bango an tara ɗan tsibin shara, karare da kashin awaki.

"Yaranki ka share haka?"

"Yarana in sun yi shara kamar awaki sun yi faɗa a wurin."

"To. Ɓarawo in ya so shahe sawunai, hanyar ƙahwatai kaɗai shika bi, siririya, da gaugawa. Wanga ta zo shahe sawu, hannu yar rinjaye ta. Ta kasa barin ƙohwa rabi da shara. Ɓarawo ba shi tara shara, Malama. Mace ta, wadda tad daɗe tana riƙon gida. Duk gari na lissahin mazan da ba su je salla ba, ba wanda yal lissahwa mata." Ya nuna da karansa. "Dubi inda bakan ka hwarawa. Bahaguwa ta. Kuma gajeru na, kahwaɗatta ba ta miƙewa duka."

Madam Odil ta taɓa ce mana kowane mai zane ana gane shi ta yadda hannunsa ke sauka a allo, ko bai rubuta sunansa ba. Na tsaya ina kallon hannun da na sani tun ban san harafi ba.

"Tun asuba nika zagaya gari ina duban ƙohohin gidaje," in ji tsohon. Ya mayar da tabarmar, bai dube ni ba. "Sawu ya kai ni wata ƙohwa. Buɗe ta ba aikina ba na. Amma in an tambaye ni gaban jama'a, ban taɓa ƙarya bisa sawu ba, ba kuwa yanzu za ni hwarawa ba."

* * *

Mu biyu ne a gidanmu tun rasuwar mahaifina, ni da mahaifiyata, Inna Habi. Na tsaya a ƙofar gida na dubi ƙasa. Baka-baka, daga hagu, gajeru.

Na wuce rumbun da ya shekara babu ƙwaya a ciki, na hau na leƙa. Allon yana nan a naɗe cikin tsohon zanen Inna. Na warware. Katako ne fari sol, an goge shi har ya yi sulɓi. A gefe ɗaya kaɗai shuɗi ya maƙale cikin tsagar itace.

Inna tana zaune a bakin murhu. Sai a lokacin na lura da yatsunta, duk sun tsattsage.

"Inna."

"Na ga kin gani."

"Don mi?"

"Wata huɗu ba macen da taz zo ɗibar wuta gidanga. In na je rijiya sai su janye gugansu. Larai, wadda niy yi wa wankan jego sau biyar, ita tac ce ɗiyata ta sai da ruwan gari ga Nasara. Ke kina aji da allinki, ba ki jin komi. Ni ka ji." Ta gyara itacen da babu tukunya a kansa. "Nic ce, in dai ruwa na cikin allo, ai an san yadda aka hid da abu daga allo. Wankewa aka yi. Nis sa ruwa, yaƙ ƙi hita. Nis sa kanwa da toka, niɗ ɗauko dutsen goge ƙahwa. Rabin ruwan wankin niz zuba tsohuwar rijiya, rabi nik kai gonar ubanki."

"Fenti ne, Inna. Fenti kawai."

"Tawada ma tawada ta, amma ana sha a warke."

Na zauna a ƙasa da katakon a cinyata. Duk tsawon watannin nan ina jin kaina jaruma don ban sauke hoto daga bango ba, ashe wata ke ɗaukar dukan.

"Gobe za a ba 'yan sanda Usmanu," na ce.

"Na ji."

"'Ya'yansa uku."

"Bahillace na. Gobe shi naɗe bukkatai shi ƙara gaba, inda yat tahi ba wanda yas san shi. Ni nan anka haihe ni, nan za a bisne ni." Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba. "Za ki kai ni gaban maza, da hurhurata, a ce min ɓarauniya?"

Na naɗe katakon cikin zanen, na tashi. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba.

* * *

Ranar Litinin aka taru a ƙofar Maigari tun kafin motar ta iso, kowa da buhunsa ko ƙwaryarsa. Liman Kalilu na kan buzunsa. Baba Jibrilla na tsugune a gefe. Usmanu na jikin turke, leɓunansa sun bushe. Fadima na can nesa da yaran.

Da Maigari ya hango abin da na rungumo, sai ya taso da kansa ya tare ni, ya rage murya.

"Na san abin da ag ga hannunki. Uwargidana ta gane ta ran Juma'a. Don mi kika tsammani nic ce ki bari? Mai da shi gida."

"Ka sani, kab bari anka ɗaure wanga kwana biyu?"

"Shi baƙo na. Ita tamu ta. Taki ta."

"A kwance shi, in koma da shi gida."

"In kwance shi in ce musu mi? Dube su."

Na dube su. Mutane ne da suka binne 'ya'ya a wannan bazara, suna neman wanda za su ɗora wa. Na ratsa ta gefensa na shiga tsakiyar fili, na warware zanen, na ɗaga katakon.

"Ga allon. Bai je Maraɗi ba. Cikin rumbunmu nis same shi. A kwance Usmanu."

Sai wani daga baya ya ce, "To ai can yaɓ ɓoye shi! Har gidan mata shika shiga!" Hayaniya ta tashi fiye da da. Na ga wani ya duƙa yana neman dutse.

"Ni niɗ ɗauka!" na ce da ƙarfi. "Ni niw wanke shi!"

Liman ya ɗaga sandarsa. "Malama, kina Isa ran Juma'a, da idona nig ga kin hau mota. Kada ki ɗora ƙarya bisa ɓarna." Ya juya. "Jibrilla, kai anka kira. Sawun Malama na?"

"A'a."

"Na Usmanu na?"

"A'a. Ba na namiji ba na."

"To na wa?"

Tsohon ya dube ni da idonsa mai gani. Na san zai faɗa in na yi shiru, kuma na san in ya faɗa za su ce an saye shi, tsohon wani gari, su koma kan Usmanu. Daga bakina kaɗai za su yarda.

"Na uwata na," na ce. "Habi. Ita taɗ ɗauka, taw wanke shi don ta sako muku ruwan da kunka ce na kulle. Ku kunka kai ta ga haka."

Ban san tana wurin ba sai da mata suka dare. Tana tsaye da ƙwaryar karɓar hatsi. Wata ta yi dariya, gajeriya, kuma na gane muryar Larai. Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya.

Liman da kansa ya kwance igiyar. Usmanu ya miƙe yana murza wuyan hannu, ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Ban ga laifinsa ba. Ni na kira mai bin sawu.

* * *

Ruwa bai zo ba a shekarar. Aka ce ai tsohuwar ce ta ɓata shi da kanwa. Yara suka sa mata waƙa. Kafin sati biyu ta ɗaure kayanta ta koma gidan ƙanenta a Unguwar Lalle, ta bar garin da ta ce a cikinsa za a binne ta.

Iyalin Usmanu sun karɓi rabonsu na hatsi har sau huɗu, yaran uku duka suka rayu. Da kaka ya kwashe su suka yi kudu neman kiwon shanun wasu. Da ƙafarsa ya tafi, ba a bayan mota ba.

Ni na zauna. Na ci gaba da koyarwa a ajin nan shekara goma sha ɗaya, a cikin mutanen da ba su amsa sallamata sai sun ga dama. Duk ƙarshen wata nakan hau mota zuwa Unguwar Lalle da gero da man gyaɗa. Takan amsa gaisuwata daga cikin ɗaki, yadda ake amsa wa baƙo mai tambayar hanya. Abin da na kai kuwa, maƙwabta ake raba wa tun ban bar gidan ba.

Ban janye kalma ɗaya daga abin da na faɗa a filin nan ba, kuma ba za ni janye ba. Mutum ɗaya ya tsira da sunansa da 'ya'yansa. Ni kuma na yi shekara shida ina gaishe da uwata ta bayan asabari, har ta rasu ba ta sake duban fuskata ba.